Horo Daban, Huce Haushi Daban: Faɗakarwa ga Iyaye a Anka, Gummi da Bukkuyum

A gidaje da yawa ba a rarrabe horo da huce haushi. Yaro ya bar awaki sun shiga gonar maƙwabci, ko yarinya ta dawo daga talla kuɗi ba su cika ba, sai a wanke su da mari, a bi da ashar, a ce ai tarbiyya ake yi. Da za a tambayi mai dukan bayan ya huce, sau da yawa zai yarda cewa laifin bai kai hukuncin ba. Abin da ya ɗaga hannunsa tun daga waje ya shigo da shi.

A yammacin Zamfara kuwa abin ɓacin rai ba ya wuyar samu. Akwai magidancin da ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya 'yan bindiga haraji, akwai wanda ya sayar da shanun huɗa don ya fanso ɗan'uwansa. Hare-haren da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022 sun ci rayuka masu yawa, sun kuma raba dubban mutane da gidajensu, garin Anka ya daɗe yana ɗauke da 'yan gudun hijira. Gummi ma ambaliyar daminar 2024 ta rusa gidaje ta bar iyalai a tsugune. Wanda aka wulaƙanta ba shi da halin ramawa yakan koma gida zuciya a cike, kuma mafi rauni a gidan shi zai fara cin karo da shi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Yaran nan kuwa ba su shigo gida da zuciya kwance ba. Yaron da ya taɓa kwana a daji, ko ya ga an kora dabbobin gidansu, yakan riƙa firgita cikin barci, ya razana da ƙarar babura, ya manne wa uwarsa, wani ma ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Masana halayyar yara sun san waɗannan a matsayin alamomin tsoron da ya zauna a jiki. Idan aka ɗauke su a matsayin iskanci ko sangarta aka sa bulala, an ƙara wa tsoro tsoro, kuma wurin da ya rage wa yaron ya fake, wato gaban iyayensa, shi ma ya zama abin gudu.

Akwai wani dalili na musamman da ya kamata iyayen wannan yanki su riƙa tunawa. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, sakamakon niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta yi wa dubbai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta da natsuwa, ta kuma sauya halinsa, ɓarnar kuwa ba ta cika gyaruwa ba. Har yanzu ana haƙar zinare a yankin. Saboda haka yaron da ake maimaita wa karatun allo yana mantawa, ko wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, mai yiwuwa ciwo ne ke damunsa. Irinsa asibiti yake buƙata, dorina ba ta cire guba daga jini.

Wani zai ce, "Mu ma da bulala aka raine mu, ga mu mun zama mutane." Gaskiya ne duka yana sa yaro ya bar abu nan take. Abin tambaya shi ne me ya koya. Yakan koyi ɓoye laifi, da yin ƙarya, da cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya; shi ya sa za ka ga wanda aka daka da safe ya huce a kan ƙaninsa da rana. A 2016 masu bincike biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara nazarce-nazarcen da suka shafi yara fiye da 160,000, suka tarar duka yana tafiya tare da ƙarin faɗa da taurin kai da damuwar zuciya, ba su kuma ga alamar yana gyara hali ba. A Najeriya, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara 6 cikin 10 suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18.

Addininmu ya riga kowa yin wannan gargaɗi. Aya ta 134 a Suratu Ali Imrana ta yabi masu haɗiye fushi da yafe wa mutane. Manzon Allah (SAW) ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi. Uba kuwa a gidansa shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa, don haka ya fi kowa buƙatar wannan ƙa'ida. Anas ɗan Malik ya yi shekara goma yana yi wa Annabi hidima tun yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa tsawa ba. An hana dukan fuska, an hana mutum yi wa 'ya'yansa mugun baki. Masu kafa hujja da hadisin horo a kan salla su lura cewa tsakanin shekara bakwai da goma akwai shekara uku cur na koyarwa da tunatarwa.

To, yaya za a yi idan rai ya ɓaci? Fushi kan sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, tunani ya toshe, amma zafinsa na farko ba ya daɗewa idan ba a ƙara masa wuta ba. Sunna ta koyar da a nemi tsari daga Shaiɗan, a yi shiru, na tsaye ya zauna, a yi alwala. A jinkirta hukunci har sai an idar da salla mai zuwa; laifin da ya cancanci horo zai jira. In an tashi magana, a soki aikin, kada a soki asalin yaron: "ba ka kyauta ba da ka bar awaki" ya sha bamban da "ɗan banza, ba za ka taɓa amfanuwa ba". Horon ya dace da laifin, wanda ya zubar ya share, wanda ya yi ɓarna a gonar wani ya je ya ba da haƙuri. Bayan haka a rarrashe shi, ya san cewa halinsa aka ƙi, ba a ƙi shi ba.

Uwar da kukan jariri ya ishe ta ta miƙa shi ga kakarsa ko abokiyar zama ta ɗan sha iska. Kada a jijjiga jariri da ƙarfi, domin hakan na iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa har ya mutu. Haka nan haushin miji ko na kishiya bai halatta a sauke shi a kan ɗan riƙo ko agola ko maraya ba. Wanda kuma fushinsa ya zo da rashin barci da ƙuncin rai, ko yake shan ƙwayoyi don ya samu sauƙi, ya je ya ga ma'aikacin lafiya. Babu abin kunya a ciki.

Muna kira ga limamai da malaman tsangaya da na Islamiyya, da hakimai da masu unguwanni a masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum, su sa wannan magana cikin huɗuba da wa'azin suna da na ɗaurin aure. Iyaye kuma, ba ku da ikon hana abin da ke faruwa a daji, amma abin da ke faruwa a tsakar gidanku yana hannunku. 'Ya'ya amana ce, kuma za a tambaye ku a kanta.