Ƙunar Sanyi: Yadda Ƙanƙara Ke Ƙona Fata Kamar Wuta

Duk wanda ya taɓa hawa babur da asuba daga Hanwa zuwa Samaru a watan Janairu ya san abin da hunturu ke yi wa yatsu: su ƙage, har mutum ya kasa ciro kuɗi daga aljihu. Shin wannan ce ƙunar sanyin da muke ji ana yanke wa mutane yatsu saboda ita a ƙasashen Turai? A'a, ba ita ba ce, amma daga nan take farawa.

Jikinmu yana riƙe ɗuminsa a digiri 37 na ma'aunin Salshiyos. Da sanyi ya buge shi, sai ya matse ƙananan jijiyoyin jini na fata, ya janye jinin zuwa ciki don kare zuciya da ƙwaƙwalwa. Yatsu, kunnuwa da hanci su ake bari a baya. Idan sanyin fatar ya wuce sifili, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halittarta sai ya zama ƙanƙara, ya tsotse ruwan cikinsu, ya kuma yayyaga su. Daga nan jini ya yi gudaji a jijiyoyi, naman ya fara mutuwa. Wurin yakan fara da zugi, sai ya daina jin komai, ya yi tauri, ya koɗe ya zama toka-toka. Daga baya ya yi bororo, in ya tsananta ya yi baƙi ya bushe.

Sanyin Zariya ba ya kai nan, don ko a tsakiyar hunturu yakan tsaya ne wajen digiri 10 zuwa 15 da dare. Ɓarnarsa ta bushewa ce: iskar ta kwashe laimar fata, a samu kaushi, faso da fashewar leɓe. Man kaɗe ko basilin bayan wanka ya wadatar.

To, me ya sa muke maganar? Saboda sanyin da ke ƙonawa yana nan tare da mu. Gas ɗin girki ruwa ne a cikin tukunyarsa, kuma wani sashe nasa, firofen, yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili. In ya fesu a hannun mai ɗurawa, cikin daƙiƙoƙi zai daskarar da fatar. Haka gas ɗin firij da na'urar sanyaya ɗaki yake yi wa masu gyara. Ruwan naitirojin da ake adana maniyyin shanu a ciki, irin aikin da ake yi a cibiyar NAPRI ta Shika, ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Ga kuma masu ɗaukar daskararren kifi da ƙanƙara a kasuwar Sabon Gari ba safar hannu, da wanda ya ɗora ƙanƙara tsirara kan targaɗe ya yi barci.

In abin ya faru, me za ka yi? Kada ka murza wurin, kuma kada ka kai shi bakin wuta. A 1812, lokacin da sojojin Napoleon ke janyewa daga Mosko, likitansu Dominique Larrey ya lura cewa waɗanda suka ruga jin ɗumi a wuta su ne gaɓoɓinsu suka fi ruɓewa. Fatar da ta daina ji ba za ta gaya maka tana ƙonewa ba. Ka cire zobe ko agogo, ka tsoma wurin cikin ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, wato wanda gwiwar hannunka za ta jure ba tare da ka zabura ba, na kimanin minti 30. Zai yi zafi sosai yayin da jini ke dawowa. Kada ka fasa bororon. Rufe shi da tsabtataccen ƙyalle, ka nufi asibiti.

Masu ciwon suga da masu shan taba su fi kowa kiyayewa, don jini ba ya isa yatsunsu yadda ya kamata. Ɗalibanmu masu tafiya karatu Rasha ko Kanada kuwa, safar hannu da busasshiyar safar ƙafa su zama farkon sayayya.