Gargaɗi Ga Masu Jinya a Ruwan Bago: Kada Ku Jira Gari Ya Waye

Jama'ar Ruwan Bago da ƙauyukan da ke kewaye, wa ke kwance a gidanku yau? Dattijo ne mai hawan jini? Uwargida ce da aka yi wa aiki aka sallamo? Saurayi ne da babur ya kayar? To wa ke kwana a kansa? Da wannan mai kwanan nake magana.

Ma'aikatan jinya sun yi ƙaranci a ƙasar nan. A farkon 2024 magatakardan hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista ya ce kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Ko a gadon asibiti, ɗan'uwa ne ke juya mara lafiya, ya ba shi abinci, ya zubar da fo. In aka sallamo shi gida kuwa, babu nas ko ɗaya, sai ku. Kun san abin da nas take fara dubawa in ta tsaya a bakin gado? Numfashi take fara dubawa, sannan jini da ruwan jiki, sannan hayyaci. Abinci yana can baya. Mu kuma a gida da abinci muke farawa. Ya ci? Ya sha kunu? In ya sha, hankalinmu ya kwanta. Nan muke rasa mutane.

Ku ƙirga numfashinsa. Agogon waya ya isa. Ku dubi ƙirjinsa na minti ɗaya cur. Babban mutum da ke kwance yana numfashi sau 12 zuwa 20. Ya kai 25? Yana magana yana tsayawa ya ja iska? Ya ƙi kwanciya, sai dai ya kwana a zaune, ga ƙafafu sun kumbura? Kada ku tilasta masa kwanciya. Ku jingina shi, ku buɗe taga, ku sallami 'yan dubiya, ku nemi mota. A daren, ba da safe ba.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Dattijo ya tashi alwala, buta ta suɓuce masa. Baki ya karkace. Magana ta harɗe. Hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa. Me ake cewa? Iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa. Sai a kwantar da shi rigingine, a tallafo kai, a ɗura rubutu, a bi da kunu, wai kada ya kwana da yunwa. Ku daina. Don Allah ku daina. Shanyewar ɓarin jiki ce. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa hawan jini ne sila. Mai wannan ciwo, maƙogwaronsa yakan shanye tare da hannunsa. Abin da kuka ɗura ba ciki zai tafi ba, huhu zai sauka. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji ya fara ƙugi, a ce ciwon ne ya ƙaru. Kunun ne. Addu'a kam ku yi ta yi, ku tofa, ku shafa masa. Amma wanda ba ya cikin hayyacinsa, da wanda ke ƙwarewa in ya haɗiyi ruwa, ba a zuba masa komai a baki. Ko cokali ɗaya. Ku kwantar da shi ta gefe, baki ya ɗan kalli ƙasa, yawu da amai su samu hanyar fita. Ku riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya. Kada ku ɗura masa ƙwayar hawan jini don ku sauko da jinin da kanku.

Ku kuma masu hawan jini da ke tsaye da ƙafafunku, yaushe rabonku da awo? In awo ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, ciwon yana nan ko kanku ba ya ciwo. Maganinsa ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Ya ƙare? Ku karɓo wani kafin ƙwayar ƙarshe.

Ku taɓa hannun mara lafiya. Da sanyi, ga gumi? Ku sa yatsa biyu a wuyan hannunsa. Bugun ya wuce 100 a minti, kuma yana da rauni? In ya tashi zaune jiri na ɗibarsa? Jini ko ruwa ne ke ƙarewa a jikinsa. Ku tambayi kalar bayan gidansa. Na san da nauyi, musamman in suruki ne ko mahaifi. Ku tambaya, ko ku sa wanda ba ya jin kunyarsa ya tambaya. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo jini ne daga ciki. Manomi ya dawo gona jiki na ciwo, ya saya wa kansa haɗin ƙwayoyi a kyamis, Diclofenac da 'yan'uwansa, kullum, cikin ba kowa. Waɗannan ƙwayoyi suna cin bangon ciki, suna kuma lalata ƙoda.

Fitsari fa? Yaushe ya yi na ƙarshe? Mara lafiyar da ya yini bai yi fitsari ba, ko ya yi ɗan kaɗan ja, ƙodarsa na cikin haɗari. Mai amai da gudawa, ku fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun gudawar farko: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ya yi ta kurɓa a kan hanyar asibiti. Kwalara tana kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin sa'o'i. Amma kada ku ɗauka ƙarin ruwa maganin kowace cuta ne. An mayar da shi abin gata, kowa ya kwanta sai a kira mai kyamis ya rataya leda a jikin ƙusa. Mai ciwon zuciya ko ƙoda, wannan ledar huhunsa za ta cika. Wa ya auna shi kafin a ɗaura? Wa ke ƙirga ɗigon?

Kada ku yarda da "da sauƙi". Bahaushe ko rai na fita, in ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce. Tarbiyya ce mai kyau, amma ba awo ba ce. Ku dubi mutumin. Wanda jiya yake gane kowa yau yana kiran ɗansa da sunan ƙanensa, yana sambatu, ko barci ya yi masa yawa har sai an girgiza shi, wannan jiki ya yi tsanani ko me bakinsa ya faɗa.

In mai ciwon sukari ne, ku fara zargin sukarin ne ya faɗi. Ya sha ƙwaya ko ya yi allurar insulin, bai ci abinci ba, ko ya ɗauki azumi bai shawarci likita ba. Sai gumi, sai karkarwa, sai rikicewa. In yana iya haɗiya, ku jiƙa sukari ƙaramin cokali 3 ko 4 ku ba shi nan take, ku bi da abinci. In ba ya iya haɗiya, mota kawai. Ƙafarsa kuma ku duba ta kullum, har tsakanin yatsu. Ƙaya za ta soke shi a gona bai ji ba, saboda sukari ya kashe jijiyar. Ɗan ƙaramin rauni ya zama gyambo, ya yi wari, yatsa ya yi baƙi. Kada a yi sakiya. Kada a barbaɗa gari. Wanda ya kai ƙafa asibiti da wuri yakan dawo da abarsa.

Ciki kuwa shi ne ba ya jira ko kaɗan. Mutum ya yi mako biyu yana zazzaɓi, ana cewa taifot, ana sha a ajiye. Rana ɗaya ciki ya murɗa, ya kumbura, ya ƙage kamar allo, ko taɓawa ba ya so. Hanji ne ya huje, ƙazanta na zuba a cikin ciki. Jiƙo ba ya ɗinke hanji. Allurar kashe ciwo za ta rufe alamar kawai. Haka mai ƙaba. Shekara da shekaru tana fitowa yana mayar da ita da hannu, yana ɓoyewa don kunya. Yau ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ga ciwo, ga amai, ba bayan gida, ba tusa. Hanji ne ya shaƙe, kuma cikin 'yan sa'o'i zai fara mutuwa. Kada ku danna da ƙarfi. Kada ku ba shi abinci ko fura don ya ji ƙarfin tafiya, domin mai shiga tiyata da cikakken ciki yana iya yin amai ya shaƙa. Ku nufi babban asibitin Rogo ko na Karaye. In sun ce ku wuce Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya, ku karɓi takarda ku wuce. Kada ku biyo ta gida yin shawara.

An yi aikin, an fito lafiya. Alhamdu lillahi. Amma jinya yanzu ta fara. Nas ta ce kada a ba shi komai tukuna? Kada ku faki idonta ku ba shi shayi. Hanjin da aka taɓa yakan yi kwanaki bai motsa ba, shi ya sa take ta tambaya ko ya yi tusa. Ku ba ta amsar gaskiya. Ta ce ya tashi ya taka? Ku tashe shi ko yana ƙorafi. Doguwar kwanciya tana tara majina a huhu, tana daskarar da jini a ƙafa. In zai yi tari, ya dafe ɗinkin da matashi ya yi tarinsa. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo a sha-raɓa? Kada a murza, kada a yi tausa. Gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Ku kira ma'aikaci.

Bayan sallama ku sa ido a kan ɗinkin. Ya yi zafi? Ya kumbura? Yana fitar da mugunya ko ruwa mai wari? Zazzaɓi ya dawo? Ku koma ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati. Kada a shafa man shanu, toka ko garin kafso. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa shi da bayan kun taɓa. Wannan don kanku ne ma: a Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Asibitin Malam Aminu Kano, kuma a wurin aikin ceto suka ɗauka. Mazaje, matar da aka yanka wa ciki ba ta daka, ba ta jan guga, ba ta ɗaukar tulu, har wajen mako 6. Maigida ma ba ya komawa huɗa don damina ta kankama. Ɗinki in ya ɓalle, asarar ta fi ta gona.

Wanda ya shanye ko ya tsufa a kwance, bayansa kuka duba? Fuskarsa kowa na gani, an shafa mai, an sa turare. Ku juya shi ku dubi ƙashin gindi, kwatangwalo, diddige da kafaɗa. A fatarmu wurin ba ya yin ja sosai. Duhu yake ƙarawa, ya yi ɗumi, ya yi tauri. Wannan gyambon kwanciya ne ke shirin buɗewa, kuma in ya buɗe yana iya cin nama har ƙashi. Ku juya shi duk bayan awa 2. Lokutan salla biyar ba su isa ba. Tsakanin isha'i da asuba kaɗai akwai juyi uku zuwa huɗu, don haka ku raba dare a tsakaninku, kada a bar wa mace ɗaya. Fitsari ya jiƙa shimfiɗa? A canza nan take. Mai robar fitsari, jakar ta zauna ƙasa da ƙugunsa, kada ta kwanta a kan gado, kada robar ta lanƙwashe.

Karaya kuma: in ƙashi ya huda fata, ba aikin ɗori ba ne. A rufe da tsumma mai tsabta a tafi, a karɓi allurar hana ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. In an riga an ɗora, ku dubi yatsu. Sun kumbura, sun yi sanyi, ba ya jin su, ciwo na ƙaruwa? Ɗaurin ya toshe jini. A sassauta yanzu, a nufi asibiti, har asibitin ƙashi na Dala in ta kama. Kwana ɗaya ya isa a rasa hannu.

Ƙarfe biyun dare ba lokacin fara neman mota ba ne. Daga Ruwan Bago zuwa ɗakin tiyata tafiya ce, ga hanyar damina. Lambar direba nawa ke wayarku? Akwai kuɗin mai a ajiye? In maigida yana kasuwa ko ya tafi ci-rani, wa ke da izinin cewa a tafi? Maigida, ka ba da izinin tun yau, a gaban kowa. 'Yan'uwa biyu ko uku masu lafiya su shirya ba da jini. Ku haɗa katin asibiti, takardun gwaji da duk kwalayen magani a leda ɗaya kusa da ƙofa. In kun isa, ku faɗi alamar da ta fi muni da farko. Ku faɗi ƙarfe nawa ta fara. Ku faɗi duk abin da aka ba shi, na kyamis da na gargajiya, kada ku ɓoye ko ɗaya don tsoron faɗa.