Murfin Bel Ko Kuɗin Asibiti: Lissafin Da Ke Gaban Masu Inji A Rimin Gado

Da zarar kaka ta yi a Rimin Gado, ƙaramar hukumar da ke yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo, ƙarar inji ba ta yankewa daga Gulu har Yalwan Danziyal: ga na ɓarar masara, ga na sussukar dawa, ga na niƙa, ga tifofi suna kwasar ƙasa zuwa wuraren gini. Kowane inji da mai shi, da kuma yaran da ya ɗauka aiki. Galibinsu ba takardar ɗaukar aiki gare su ba, shi ya sa mai inji ke ganin zancen diyyar ma'aikaci na kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa ne. Nan lissafinsa ya karkace. Shi ma yana biyan diyya, suna ne kawai bai sa mata ba, kuma hanyar rage ta guda ce: a rage haɗarin da ke jawo ta.

A duba abin da ke biyo baya ranar da bel ya fizgi hannun yaro. Maigidansa ne zai nemi motar kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, shi zai biya kuɗin hoto da na tiyata da na magani. Idan yaron magidanci ne, cefanen gidansa ya hau kan maigidan har ya warke. Sannan a zauna sulhu a gaban mai unguwa ko dagaci, a yanka masa abin da zai ba iyalin. Ana cikin haka inji na tsaye a 'yan makonnin da ake samun kuɗin shekara, manoman da suka kama layi sun koma wurin wani, sabon yaron da za a ɗauka kuma sai an koya masa aiki. Duk da haka kaso mafi nauyi na wuyan wanda ya ji ciwon, domin a ƙasar da gona ƙarama ce kuma ƙarfin jiki ne jari, wanda ya rasa yatsu ya rasa noma da ƙwadago a lokaci guda. Fiƙihun Malikiyya da muke bi bai raina wannan asara ba: hannu ɗaya rabin cikakkiyar diyya ne, kowane yatsa kuma kashi ɗaya cikin goma.

Dokar ƙasa ma ta yi tanadi. A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987, aka damƙa gudanar da ita ga hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF. Mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba wa asusun hukumar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, daga aljihunsa, domin dokar ta hana a cire daga albashin ma'aikaci. Bisa mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, Naira 700 ke nan a wata kan kowane mutum. Daga wannan asusu ake biyan jinya, kuma wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Ma'aikaci na da kwana 14 ya sanar da maigidansa rauninsa, maigidan kuma na da kwana 7 ya kai rahoto. Dokar ta haɗa har da masu ƙananan sana'o'i, ta kuma ba hukumar ikon duba haɗarin kowace sana'a da tarihin kowane wurin aiki wajen yanka abin da zai biya. Ke nan ko a asusun hukuma ko a zauren dagaci, mai yawan haɗari shi ne mai yawan biya.

Abin da ke raunata mutane a karkara sananne ne, maganinsa kuma ba ya cin kuɗi. Bel da juyi a buɗe suna kama hannun riga, da bakin mayafin yarinyar da ta kawo niƙa. Murfin ƙarfen da mai walda zai haɗa cikin yini guda ya raba wannan gardama. Wanda ya sa hannu ya zaro abin da ya toshe inji alhali yana juyawa, ƙa'idar kashe inji kafin a taɓa shi kawai yake bukata. Masu haƙar ƙasa da ke rarake gindin gaɓa don tifa ta cika da wuri, su ne gaɓar ke ruftawa a kansu, musamman bayan ruwan sama. Mai haƙar rijiya da ya sauke injin ban-ruwa mai aiki da fetur cikin rami, hayaƙinsa na iya kashe shi kafin na sama su farga. Mai feshi ba takunkumi, ba safar hannu, yana bin gona iska na maido masa da magani, a hankali yake shan guba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara ta dalilin aiki, kuma ɗaya cikin uku na waɗanda haɗari ke kashewa a bakin aiki ma'aikatan gona ne. Wani bincike na ƙungiyar hukumomin inshorar jama'a ta duniya, ISSA, a kamfanoni sama da 300 ya gano cewa abin da aka kashe wajen kariya yana dawowa ninki biyu da ɗoriya. Kamfanoni ne aka bincika, amma ƙaramin mai inji ya fi su bukatar darasin, domin su haɗari ɗaya ba ya durƙusar da su.

Za a ce ai ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne, sai dai imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum riƙo da sababi ba. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba, kuma hakan bai rage tawakkalinsa ba. Malaman fiƙihu kuma sun ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rami inda bai halatta ba wani ya faɗa. Wanda ya ga bel a buɗe shekara uku bai rufe ba, ya haɗa sakaci da ƙaddara, kuma sakacin ne ake tambayarsa.

Za a kuma ce ko an sayi kayan kariya yaran ba sa sawa. Akwai gaskiya a nan: takalmin roba da takunkumi a zafin bazara azaba ne, kuma wanda ake biya bisa yawan buhu ko yawan tifa, duk abin da zai rage masa sauri gaba yake da shi. Amma wannan hujja ce ta a fara da gyaran da bai dogara da halin yaro ba. Murfin bel yana aiki ko yaron ya gaji ko ya yi gyangyaɗi. A yi feshi da sanyin safiya. A yanke gaɓa a kishingiɗe, a daina rarake ta. A daina barin yaro shi kaɗai da inji a makonsa na farko. Maigidan da ke biya bisa sauri kaɗai ya sani cewa da kuɗinsa yake sayen gaggawar da za ta jawo masa asara.

Akwai gurguwar hanyar rage diyya, wato a ɓoye rauni, a kai yaro wurin mai ɗori a asirce, a sallame shi da ɗan abin da ba zai kai shi ko'ina ba. Kuɗin bai ragu ba, an dai juye shi ne a kan iyayen yaron da matarsa, injin kuma yana nan yana jiran na gaba. Abin da ya fi shi ne masu inji da masu tifa na kowace mazaɓa su yi yarjejeniya a gaban dagatansu cewa injin da ba murfi ba zai shiga masussuka ba, kowa kuma ya ajiye littafin da yake rubuta duk rauni da duk haɗarin da aka auna arziki, don a san inda gyara yake. Wanda ke da ma'aikata na dindindin ya yi musu rajista da NSITF. Lokacin yin wannan duka shi ne kafin dawa ta nuna, sa'ad da inji ke hutawa kuma mai walda bai da layi.