Yadda ƙaguwa ke yar da ƙafarta, da abin da ya haɗa wannan da maganin feshi

Duk yaron da ya yi kamun fara a gonakin Ɗambatta ko Bichi bayan girbi ya san abin: a riƙe ta ta ƙafar baya, sai ta tashi ta bar ƙafar a hannu. Ba fizge ta aka yi ba, ita ce ta sake ta da kanta. Ƙadangare ma haka yake yi da wutsiyarsa. Amma a jikin ƙaguwa masana suka fi bin diddigin lamarin, tun daga aikin wani ɗan Beljiyam, Léon Fredericq, a shekarun 1880.

A gindin kowace ƙafar ƙaguwa akwai wata tsaga da aka halicce ta da ita, kamar tsagar da ake bi a ɓalle sabon layin waya daga jikin katinsa. Idan aka ji wa ƙafar ciwo, jijiya na kai saƙo cibiyar jijiyoyin da ke ƙirjinta, umarni ya dawo, wata tsoka ta ja da ƙarfi, ƙafar ta ɓalle daidai kan tsagar. Wata siririyar fata ta toshe wurin don kada jini ya zuba da yawa. Aikin fis ke nan a na'ura: ya ƙone domin sauran kayan su tsira. Sai dai ita ƙaguwa tana tsiro da wata ƙafar idan ta yi saɓa, farar da ta gama girma kuwa ta yi asarar tata ke nan.

Jijiyoyi ba a jone suke kamar wayar lantarki ba. Tsakanin wata da wata akwai ɗan giɓi, kuma sinadari ne ke tsallakar da saƙon. Wanda ke kai labarin ciwo zuwa cibiyar ƙaguwa sunansa asetilkolin. Da ya isar da saƙo, sai wani sinadarin mai suna kolinestares ya rushe shi nan take. In ba a rushe shi ba, ya zama maɓallin da ya maƙale yana ta aika umarni ɗaya.

A 1939 wasu masana biyu a Amurka, Welsh da Haskin, suka gwada wannan a kan wata ƙaramar ƙaguwar teku. Da suka yi mata allurar asetilkolin, sai yar da ƙafa ya ƙara yi mata sauƙi. Da suka ba ta atirofin, wanda ke toshe wurin da saƙon ke sauka, sai abin ya ragu.

Maganin DDVP, da sauran danginsa da ake fesa wa wake da kayan lambu, aikinsu ke nan: su hana kolinestares aiki. Ƙwaro ya yi ta karkarwa har ya mutu. Ƙaguwa da ƙwari dangi ne, don haka ruwan da ya wanko gona ya gangara fadama ko madatsar ruwa irin ta Tomas ba ya tantance wanda aka nufa da feshin. Maganin da ke jikin gidan sauro kuma ta wata hanya yake bi, yana hana ƙofofin lantarkin jijiya rufuwa, amma shi ma an sha ganin sauron da ya sauka a kansa ya rasa ƙafafu.

Mutum ya fi shiga haɗari ta wani ɓangaren. A jikin ƙaguwa wani sinadarin daban ne ke ba tsoka umarni, mutum kuwa asetilkolin ɗin ne da kansa, har da tsokar numfashi. Shi ya sa wanda ya shaƙi DDVP da yawa ko ya zube masa a jiki yake dalalar da miyau, ya yi gumi da amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya gagara. Wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da manyan shaguna.

Atirofin ɗin da aka gwada a kan ƙaguwa shi ne allurar da likitoci ke yi wa irin wannan majinyacin. Akwai irinsa a cikin zaƙami, amma zaƙami guba ce mai zaman kanta, kada wani ya gwada. Manja da madara ma ba sa karya wannan gubar. A cire wa mutum tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin, ko hotonta a waya.