Yadda Rufin Gidaje Ya Zama Tashar Lantarki a Ostireliya

Tsohon tsarin wutar lantarki hanya ɗaya yake bi: babbar tasha ta samar da wuta, manyan turaku su ɗauko ta daga nesa, tiransifoma ta rage mata ƙarfi, sannan ta shiga gidaje. Rauninsa shi ne, da zarar manyan layuka sun katse, sai kowa ya shiga duhu. Haka ta faru a jihar Kudancin Ostireliya ranar 28 ga Satumban 2016, lokacin da guguwa ta kayar da turakun wuta, jihar baki ɗaya ta rasa lantarki.

Sabon tsarin kuwa yana watsa aikin samar da wutar ne zuwa wurare barkatai. A Ostireliya gidaje sama da miliyan 4 ke da farantan sola a kan rufi, wato kusan gida ɗaya cikin uku. Idan gida ya samar da fiye da buƙatarsa, na'urar inbata takan tura rarar zuwa babban layi, mita ta lissafa, kamfani ya rage wa mai gida kuɗin wuta.

Sai dai yalwar ma da nata ciwon kai. Da tsakar rana, sa'ad da mutane ke wurin aiki, wutar da rufuna ke turowa takan nemi fin ƙarfin wayoyin unguwa. Da almuru kuma, lokacin da aka dawo gida aka kunna murhun lantarki da na'urar sanyaya ɗaki, rana ta riga ta faɗi. Tun 2020 hukumomin jihar Kudancin Ostireliya suka wajabta cewa duk sabuwar solar da aka ɗora, dole a iya kashe ta daga nesa idan layi ya shiga haɗari.

Batir ne ke cike wannan giɓi, domin yana adana rarar rana har dare. A 2017 kamfanin Tesla ya kafa wani katafaren batir mai ƙarfin megawat 100 a Hornsdale da ke jihar, wanda ke tallafa wa layi cikin ƙiftawar ido idan wata tasha ta tsaya. Abin da ya fi shi ban sha'awa shi ne haɗa dubban baturan gidaje ta intanet, a sarrafa su tamkar tasha guda, su saki wuta tare a lokacin da buƙata ta yi tsanani.

Babban cikas shi ne tsada, kuma ɗan haya, wanda rufin ba nasa ba ne, shi aka fi bari a baya. Tun daga Yulin 2025 gwamnatin tarayyar ƙasar ke ɗauke wa masu gida kusan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin batir.