Gargaɗi: Ku Sauke Kayanku Daga Intanet Tun Kafin a Share

Jama'a, wannan kira ne ga duk mai wani abu mai daraja a Facebook ko Gmail ko wata manhaja, hoton mahaifi ne, karatun malami ne, littafi ne ko lissafin kasuwanci. A duba yau, ba gobe ba, ko akwai kwafinsa a hannu. In babu, a sauke. Kamfanonin fasaha suna rufe ayyukansu, suna share abin da mutane suka yi shekaru suna tarawa, kuma sanarwar tasu galibi da Turanci take zuwa, cikin akwatin imel ɗin da yawancinmu ba ma leƙawa sai ranar cike fom.

Wanda ya fi gaggawa shi ne na Facebook. Daga 19 ga Fabrairun 2025 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sauya ƙa'ida: bidiyon da aka haska kai tsaye kwana 30 kawai zai yi a shafi, daga nan ya ɓace. Tsofaffin da aka haska shekarun baya kuwa, kamfanin ya ce rukuni-rukuni zai kwashe su, bayan ya ba mai shafi wa'adin kwana 90 ya sauke abinsa. To, su wa suka fi dogara da wannan hanya a ƙasar Hausa? Masallatai da zaurukan karatu. Tafsirin azumi, karatun littattafai tsakanin Magariba da Isha'i, maulidi, wa'azi, har da hawan sallah da ɗaurin aure. A ba wani matashi waya ya kafa ta gaban malam, a tashi ya kashe, kowa ya watse da cewa "ai yana Facebook". A sabuwar ƙa'idar nan, tafsirin daren farko na azumi ya kai wa'adinsa tun ba a gama yawon sallah ba.

A tsaya a yi tunani a nan. Sheikh Abubakar Gumi ya rasu a 1992, Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a 2007, Allah Ya gafarta musu, amma har yau ana sauraron karatunsu. Dalili shi ne an naɗa a kaset, masu sayar da kaset suka yi ta kwafa, kwafi ya bazu gida-gida, daga baya aka juye shi a memori. Babu wani kamfani guda da zai wayi gari ya danna maɓalli ya kawar da shi. Malamin yau, wanda ake haskawa da wayar da ta fi kowace rikoda ta wancan zamani inganci, shi ne karatunsa ke cikin haɗarin ɓacewa baki ɗaya. Kwamitin masallacin da bai naɗa wanda zai riƙa sauke kowane zama a ranar da aka yi shi ba, to ya naɗa a wannan makon.

Na biyu, Google. Tun Disambar 2023 kamfanin ya fara aiki da dokar share duk asusun mutum da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, tare da saƙonnin Gmail da takardun Drive da hotunan da ke ciki. Asusun da kake amfani da shi kullum a wayarka ba shi ake nufi ba. Wanda ke cikin haɗari shi ne tsohon, wanda yaron shagon waya ya buɗe maka shekarun baya, ka sauya waya aka buɗe maka sabo, ka manta lambar sirrin wancan. Hotunan sunan ɗan farinka suna can. Haka asusun mamaci, wanda iyalansa ba su ma san akwai shi ba. Kuma idan layin wayar da aka haɗa da asusun ya daɗe a ajiye, kamfanin sadarwa zai iya sayar wa wani, ka rasa hanyar da za a turo maka lambar shiga.

Kada wani ya ce wannan tsoratarwa ce kawai. Marubutanmu sun ɗanɗana. A ƙarshen Nuwambar 2023 Okadabooks, manhajar nan ta Nijeriya da marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu a kanta, ta rufe bayan shekara goma tana aiki. Kafin nan Yahoo ya share abin da ke cikin majalisunsa na tattaunawa, sannan ya rufe su gaba ɗaya a Disambar 2020, alhali nan ne marubuta da manazarta finafinan Hausa suka tafka muhawara a farkon shekarun 2000. BBM da samari ke alfahari da ita ta tafi a Mayun 2019, Google+ a Afrilun shekarar. Skype, wadda Microsoft ya saya a kan dala biliyan 8.5 a 2011, an yi mata jana'iza a Mayun 2025. Wani lokacin ma ba da gangan ba ne: a 2019 MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya, kimanin miliyan 50. Haƙuri kawai ya bayar.

Ni ban ga laifin ɗan kasuwa don ya rufe harkar da ba ta kawo riba ba. Inda nake ganin laifin kamfanonin nan shi ne yadda suke jawo mutane tun farko. Google ya yi shekaru yana cewa a zuba hotuna kyauta ba iyaka, sai da jama'a suka saba, suka daina ajiyewa a ko'ina, sannan a Yunin 2021 ya ce daga yanzu komai cikin gigabait 15 zai shiga, mai son ƙari ya biya. An koya wa mutum sakin jiki, sannan aka janye tabarmar.

Abin yana komawa kansu. Lokacin da Google ya fito da Stadia a 2019, dandalin wasannin kwamfuta ta intanet, tambayar da mutane da yawa suka fara yi ita ce yaushe za a rufe shi, domin ba su manta da Google Reader da aka kashe a 2013 ba. Mutane suka yi ɗari-ɗari da zuba kuɗinsu, kamfanin ya ce bai samu karɓuwar da ya zata ba, ya rufe a Janairun 2023. An mayar wa masu saye kuɗinsu, amma amanar da ta zube ba a mayar da ita ta banki. A nan gida kuma, a 2025 Meta ya shaida wa kotu cewa tarar da hukumomin Nijeriya suka ci shi, kusan dala miliyan 290, za ta iya tilasta masa rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Ba a rufe ba. Amma matar da ke sayar da atamfa ko turaren wuta, wadda duk kwastomominta a Instagram suke, ya kamata ta ji wannan magana har cikin ƙashinta, ta fara rubuta lambobin wayarsu a littafi.

Saukewar ba wuya gare ta ba, data kawai take ci. Google yana da Google Takeout, inda za ka zaɓi hotuna da saƙonni da takardu a haɗa maka su ka sauke. Facebook da Instagram ma suna da wurin sauke bayananka a cikin saitin asusu. Wanda bai iya ba ya nemi ɗansa ko wani amintacce, su zauna tare, kada ya bar lambar sirrinsa a shago. A ajiye kwafi biyu a wurare biyu, misali memori da kwamfuta, domin memori ma yana lalacewa ba sallama. Mai ɗora karatu a YouTube ya ci gaba, amma ya riƙe asalin fayil ɗin. Marubuci ya riƙe rubutunsa cikakke a wajensa, ba sai a manhajar da yake sakawa ba. Tsohon Gmail kuwa, shiga ciki kawai ya isa ya sabunta masa wa'adi.

Sai a kula da 'yan damfara, domin irin wannan ruɗani kasuwarsu ce. Za a turo maka saƙo da tambarin Facebook ko Google, a ce za a rufe shafinka cikin awa 24 in ba ka danna wani wuri ka shigar da lambar sirri ba. Kada ka danna. Ka buɗe manhajar da kanka ka duba sanarwar daga ciki. Duk wanda ya kira ka ya nemi lambobin nan da aka turo maka ta tes, ko da ya ce daga kamfanin yake, ka kashe wayar.