Ɗurin Bindigar Toka: Awo Ya Fi Yawa

Da zarar masara ta fara nuna a gonakin Kakau da sauran ƙauyukan Chikun, sai birai da gyazbi da beguwa su soma ɓarna, manoma kuwa su ɗauko bindigoginsu na toka. Sau da yawa a kan ji mutum yana kuka, wai bindigarsa ba ta da saiti. To, galibi laifin yana wurin ɗuri.

Ga dalili. Wanda ya ke auna albarushi da tafin hannu, yau ya zuba kaɗan, gobe ya zuba da yawa. Ran da ya yi kaɗan harsashi ya faɗi kafin ya kai, ran da ya yi yawa ya wuce ta sama. Haka kuma in harsasan ba su yi daidai da juna ba, wani ƙato wani ƙarami, kowanne hanyarsa dabam. Maharban Amurka masu ɗura harsashinsu da kansu sun gane wannan. Da sikeli su ke auna albarushi, da ma'aunin da sai an tara 7,000 nasa ya ke cika laba guda.

Mu ba sai mun sayi sikeli ba. Ka sami ɗan ma'auni guda, wanda maƙerin bindigarka ya yarda da shi, kada ka sāke shi. Ka zaɓi harsasai masu girma ɗaya, da tsumman toshi iri ɗaya. Sa'an nan ka kafa allo a gindin tudu, inda ba mutum ba dabba, ka harba sau uku daga wuri guda. In ramukan sun taru kusa da juna, ɗurinka ya yi kyau.

Ku lura da abu huɗu, domin rai ba shi da na biyu. Ƙarin albarushi ba ya ƙara saiti, sai dai ya fasa bindiga a hannun mai ita. Kada a kuskura a zuba mata garin harsashin zamani, ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututunta. A tura ɗuri har ya zauna bisa albarushi, kada a bar fili tsakani. Bayan harbi a wanke bututu, a shanya, a shafa mai, gama tokar albarushi tana jawo laima, laima kuwa tsatsa.

Akwai kuma batun doka. Dokar bindigogi ta 1959 ta shafi har bindigar toka, saboda haka a nemi bayanin lasin wurin 'yan sanda. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 kuma ta hana kashe waɗansu dabbobi.

Kada kuma bindigar da ke ɗure ta kwana inda yara za su kai. Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.